Riƙon Macijin Malam Idi

Ku da kuka yi zamani da Malam Idi mai ɗinkin littattafai a unguwar Darrasa ta Alƙahira, kun san cewa idan sanyin Masar ya sauka ba ya miƙa wa kowa hannu. Sai dai ya dafa ƙirji, ya ɗan rusuna. Sababbin ɗalibai sukan ɗauka tsantseni ne. Mu tsofaffi kuwa mun san maciji ne naɗe cikin hannun rigarsa yana shan ɗumi.

A kasuwar Juma'a ya saye shi, shekarar juyin juya hali. Ja ne mai dabbare-dabbare, irin wanda ake kira macijin masara, ba shi da dafi ko kaɗan. Ya raɗa masa suna Baƙo. Da na tambayi dalili sai ya ce, "Alhaji, asalinsa Amurka. Shi ma ba shi da takardar iƙama, kamar rabin mutanenmu."

Malam Idi kan wuni da wake da gurasa, amma Baƙo ba ya cin ɓeran gida, sai fari na kanti, ɗaya duk kwana goma. Maigadin gidansu ya taɓa kawo masa ɓeran tarko kyauta. Malam ya juya shi da tsinke, ya ce, "Ka san abin da ya ci jiya?" Maigadi ya ce bai sani ba. "To ma'alish, yi haƙuri, mayar wa danginsa."

Wata rana wani ɗan kasuwa ya taso tun daga unguwar Ard al-Liwa neman saɓar macijin, wai maganin ciniki, domin ya ji an ce Malam gardi ne. Malam ya ce masa, "Ɗana, saɓa tsohuwar riga ce kawai. Da tsohuwar riga tana kawo ciniki, ga tawa nan shekararta ashirin. Dube ni da kyau."

Da ciwon hanta ya kama shi, ƙanwarsa Hajiya Rabi, wadda rabonsu da juna shekara talatin, ta aiko daga Katsina cewa ya komo ta yi jinyarsa. Yana so ƙwarai. Amma ba za a bar shi ya shiga jirgi da maciji ba, shi kuwa ya rantse ba zai tafi ba sai Baƙo ya sami mariƙi. Ni ya zaɓa, bisa sharaɗi guda: in ɗauke shi da hannuna a gabansa.

"Wanda bai taɓa shi ba," in ji shi, "ranar da na ba da baya zai ɗauko sanda."

Na ce, "Haba Malam, ina da shekara saba'in, ina jan mutane salla, a gan ni da maciji?"

Ya ce, "Girma ne ko tsoro, liman?"

Tsoro ne, na lulluɓe shi da girma. Wata biyu ina zuwa dubiya ina zama bakin ƙofa. Ranar da na miƙa hannu, Malam ba ya iya tashi zaune. Baƙo ya hau tafina a hankali, jikinsa a bushe, da sanyi-sanyi, babu wani nauyi. Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Khalas, shi ke nan. A gaya wa Rabi ina tafe."

Likita ya ce lokacin hawa jirgi ya wuce. Bayan kwana tara muka binne shi a nan Alƙahira.

Ni na kira Hajiya Rabi. Ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi: "Alhaji, me ya tsayar da Yaya?" Na so in ce maciji ne. Na ce mata, "Ni ne, Hajiya." Sai ta ce in kula masa da dabbarsa.

Baƙo yana ɗakina har yau, cikin akwatinsa na gilashi. Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Idi, Ka sanyaya makwancinsa, Ka sada shi da 'yar'uwarsa a gidan da babu rabuwa. Ni kuma Ka yafe mini watannin nan biyu.