Katakon Bindigar Baba, Daga Nguru Zuwa Gashuwa

Na bar gida bayan sallar asuba, da katakon bindigar Baba naɗe cikin zane. Tsohuwar bindigar soja ce ta zamanin Turawa, wadda ya ci gasar harbi da ita, ya kuma riƙe ta bisa izini har ya rasu. Da muka yi gardamar gado ni da ƙanena Modu, kawunmu ya kwance ta: ƙarfen da takardar izinin ga Modu a Gashuwa, katakon gare ni. Niyyata a mayar da ita ɗaya, in dawo da ita Nguru, tunda ni ne babba.

Hanya

Mun tashi daga tasha ƙarfe shida da rabi, a ƙaramar mota mai warin busasshen kifi. Tafiyar kilomita sittin da 'yan kai ce. A shingen kusa da Jajimaji wani soja ya kwance zanen, ya juya katakon, ya tambaye ni ina sauran. Na ce yana wurin ƙanena.

"To, Alhaji, kai aka ba kwanon, shi aka ba tuwon," in ji shi. Direba ya yi ta dariya har muka wuce gari.

Gashuwa

Modu ya tarbe ni da kunu da ƙosai. Na lura ya rataye hoton Baba da kakinsa a zaure, hoton da na daɗe ina nema.

Da hantsi muka je wurin Baba Kyari, masassaƙin da ke gyara wa mahaifinmu bindigar. Ya shafa wa ƙarfen baƙin fitila, ya kwantar da shi cikin katakon, ya ɗaga. Duk inda baƙin ya taɓa sai ya kankare kaɗan. Ya ce katako yana motsi da damina da rani, kuma muddin ƙarfe bai kwanta daidai ba, harbi sai ya kauce.

Da ya gama ya ce in ɗora ta a kafaɗa. Na ɗora, kuncina ya rasa wurin zama. Modu ya karɓa ya ɗora a hagu, don shi bahago ne, ta zauna masa kamar hularsa.

Na san akwai ɗan kwarmi a gefen dama na gindin katakon, inda kuncin bahago ke zama, amma na ɗauka tsufa ne ya ci wurin. Baba Kyari ya ce shi ya fafe shi da hannunsa, tun Modu yana makarantar sakandare.

"Mahaifinku da hannun dama yake harbi, ɗana. Ya ce in gyara wa yaron, shi ya haƙura."

Lokacin ina Kaduna ina koyon aikin rediyo, ina aiko wa Baba da shadda kowace Sallah.

Modu ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, in kana so ka tafi da ita."

Na ce masa me zan yi da bindigar da ba ta san kuncina ba.

Dawowa

Na shiga motar la'asar, na iso Nguru ana kiran magariba, da zanen a ninke a hamata. Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Kyari. Modu kuwa na aika masa ya turo mini hoton.