Yadda Na Kawo wa Inna Kogi a Bokiti

Potiskum

Ana sallame sallar asuba na fito da bokiti biyu da jarka, na tari napep zuwa tashar motocin Gashuwa. Matata Falmata ta rako ni har ƙofar gida tana cewa in ban samu ba in dawo abina. Ni kuwa na riga na ƙudurta ba zan dawo hannu rabbana ba.

Ga dalilin tafiyar. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da mahaifiyata Inna tun watan azumi. 'Yar Bade ce, a bakin kogi ta girma, aure ne ya kawo ta wannan gari namu mai rijiyoyi masu zurfin tsiya. Tun da ta kwanta maganarta ɗaya ce, a mai da ita gida ta ga ruwa. Likita kuwa ya ce jikinta ba zai ɗauki hanya ba. Sai ta juya wa kowa baya, abinci ma sai an yi da gaske take karɓar cokali biyu. Kullum ƙara ramewa take, ni kuma tsoro ya kama ni.

A waya na ga yadda ake shuka ciyawa mai rai a akwatin gilashi, kifaye na yawo a ciki. Na sa mai yankan gilashi ya haɗa mini guda, tsawon hannuna, na aika Kano aka sayo ciyawar roba. Inna ta yi mata kallo ɗaya ta ce, "Wannan ai furen ɗakin amarya ne." Shi ne na ce bari in je asalin wurin.

Hanyar Jakusko

Motar da na shiga ƙaramar bas ce, ba ta cika ba sai da rana ta fito. Direban, wani Babarbare mai surutu, ya san ni a kasuwar shanu inda nake dillanci. Ya dubi bokitan ya ce, "Alhaji, an bar shanu an koma kifi ne?"

Na ce, "Ciyawa zan sayo."

Ya ce, "Daga Gashuwa? A bokiti? To wace saniya ce wannan mai ƙaramin ciki?" Duk motar aka sa mini dariya, na ƙyale su.

Ƙarshen damina ne, gero ya fara sunkuyar da kai dama da hagu. A Jakusko muka tsaya na sha shayi da ƙosai mai zafi, aka zuba wa mota ruwa. Daga nan ƙasa ta fara canjawa, tabkuna suna bayyana a gefen hanya, balbela fari fat a kansu.

Gashuwa da ƙauyen su Inna

Kafin azahar muka shiga Gashuwa. Na hau acaɓa zuwa ƙauyen su Inna, wajen ƙanenta Kawu Gambo, masunci. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, "Yaya ce ba ta cin abinci? Ita da take cinye nata ta haɗa da nawa?" Aka kawo burabusko da miyar kifi, muka ci, muka yi salla, ya ɗauki gorarsa ta tuƙi muka gangara kogi, muka shiga kwalekwalensa.

Ni mutumin tudu ne. Ruwa a wurina abin da ake ja da guga ne a ba shanu. Da kwalekwale ya ratsa kachalla, wannan doguwar ciyawa da ta cinye bakin kogin, sai muka ɓulla wani fili na ruwa. Bado ne iya ganin ido, furanninsa farare da masu shuɗi-shuɗi, wasu tsuntsaye masu dogayen yatsu suna tafiya a kan ganyen ba sa nutsewa. Kawu ya ce in leƙa ƙasa. Na leƙa. Ashe daji ne guda a ƙarƙashin ruwan, da dogaye da gajeru, duk suna rausaya a hankali, rana na ratsa su, 'yan ƙwayoyin iska suna tashi daga jikin ganye. Na yi ta maimaita tasbihi, ina mamakin yadda na kai waɗannan shekaru ban san Allah ya yi wannan a jiharmu ba.

Da aka zo zaɓe, sai halin dillali ya motsa. Na nuna badon da ya fi kowanne girma da ƙiba na ce shi nake so. Kawu ya shiga ruwa har ƙirji ya tumɓuko shi. Jijiyarsa ta fi ni tsawo, ganye ɗaya kuwa ya isa ya rufe bakin akwatina ruf.

Kawu ya ce, "Ɗan nan, bijimi ka zo saye ne?"

Shi ma dai bai taɓa ganin akwatin kifi ba. Shawararsa ita ce in cika shi da kainuwa, tunda ba ta bukatar ƙasa, a saman ruwa take yawo. Na ce kainuwa ai ta ko'ina ce, ba zan yi wannan doguwar tafiya saboda ita ba. Muka yi ta musu a tsakiyar ruwa, ya ciro wannan in ce ta yi siriri, in nuna waccan ya ce kwana biyu za ta ruɓe. Akwai wata mai gashi-gashi da ba ta leƙowa sama ko kaɗan. A hannu ba ta da kyan gani, da an fito da ita sai ta lanƙwashe ta manne wuri ɗaya, don haka na jefar da ita har sau biyu.

Can Kawu ya tambaye ni, "Wai ina za ka ajiye akwatin?"

Na ce, "A kan benci, gefen gadonta."

"Tana iya tashi zaune?"

Na ce a'a. Sai muka dubi juna. Duk musun nan da muke yi, daga sama muke kallo, Inna kuwa a kwance take, ta gefe za ta gani.

Muka fito gaɓa, aka samo wata babbar kwalba a gidansa. Na kwanta a kan yashi da babbar rigata, na yi matashi da hannu yadda Inna ke kwanciya, Kawu yana saka ciyawa ɗaya bayan ɗaya yana ajiye kwalbar daidai idona. Matan da ke wanki suka bar wankinsu suna kallon ikon Allah. Bado ya faɗi nan take, ba abin da ake gani sai kara. Mai gashi-gashin nan da na raina kuwa, tana shiga ruwa ta buɗe ta zama bishiya sosai. Da aka ɗora kainuwa, saiwoyinta suka sauko farare, lallausa, suna lilo. Na kasa tashi daga wurin. Su biyun muka ɗauka, da wata gajera mai kama da shukar albasa, da taɓon kogi, da 'yan mitsi-mitsin kifi, muka cika jarka da ruwan wurin. A ƙauyen na kwana.

Komowa

Da safe Kawu ya rufe bokitan da jiƙaƙƙen buhu, ya ce kada in yarda a sa su a but ɗin mota. A kan cinyata na riƙe ɗaya, ɗayan a tsakanin ƙafafuna, duk ramin da muka faɗa sai na jiƙe. A shingen bincike wani jami'i ya ɗaga buhun ya tambayi ko magani ne. Na ce na mahaifiyata ne. Ya rufe da kansa ya ce, "Allah ya ba ta lafiya."

Da la'asar na iso gida. Ni da Falmata muka shimfiɗa taɓon, muka rufe shi da yashi, muka dasa, muka zuba ruwa a hankali. Ya yi duhu da farko, sai washegari da hantsi ya kwanta, hasken taga ya shige shi. Muka juyo da Inna.

Ta daɗe tana kallo. Wani ɗan kifi ya shige cikin saiwoyin ya fito ta ɗaya gefen. Da bakinta da ya karkace ta ce, "Kainuwa ce wannan?"

Na ce ita ce.

Ta ce, "Duk yarintata ina ture ta da gora. Ashe haka take ta ƙasa." Hawaye ya gangaro mata, ni ma nawa bai tsaya ba. Falmata ta matso da kofin kunu, Inna ta yi ta karɓa idonta na kan gilashin, har kofin ya ƙare.

Da lokacin juya ta ya yi, kamar yadda likita ya ce a riƙa yi don kada jikinta ya yi gyambo, muka kama ta za mu mai da ita wajen bango. Ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya ta ce, "Ku bar ni haka." Dole muka jawo gadon tsakiyar ɗaki, yanzu in an juya ta, sai mu ɗauki benci da akwatin mu zagaya da su.

Ina gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Kawu Gambo da ya shiga ruwa har ƙirji saboda 'yar'uwarsa. Wanda ya karanta wannan, ya sa Inna a addu'a.