Tulun Rifkatu

Assalamu alaikum. Jikata ta ce in daina ba ku labaran ban dariya kawai, in faɗi abin da ya sa nake ɗingishi. Shekara saba'in ina kauce wa tambayar nan. Yau ga shi.

A Gumel ne, kafin mulkin kai. Ina da shekara goma sha bakwai, kuma duk unguwarmu ba wanda ya kai ni tsokana. Har limami na taɓa ɓoye wa takalmi.

A ɗakin ƙofar gidanmu aka sauke wasu baƙi, Kiristoci daga ƙasar Jos, Malam Ayuba da matarsa Rifkatu. Ba su daɗe da aure ba. Shi yana koyon aikin magani a ƙaramin asibitin gari, ita aikin ungozoma. Da la'asar su zauna a gindin kurna, littafi ɗaya tsakaninsu, tana yi masa tambaya. Ran Lahadi su rufe ƙofa su yi waƙoƙinsu su biyu, don ba su da coci. In an aiko musu da acca daga gida, sai Rifkatu ta yi ta shanshana buhun kafin ta kwance.

Ruwansu ne ya tsaya mini a rai. Sai sun dafa, sun tace da farin ƙyalle, sannan su zuba a tulu.

Na ce, "Yaya Rifkatu, ku har ruwa sai ya nuna? Ko za a sa masa gishiri?"

Ta ce, "Ɗan Malam, akwai ƙwari a ruwan tafkinku, ido ba ya ganinsu."

Na ce, "To mu da muke sha, ai da mun yi fuka-fukai."

Sai na ƙudura in nuna musu ba za su iya bambancewa ba. Na ɗebo ruwan tafki, na bari ya kwanta, na kwashi garau ɗin sama. Ran Lahadi suna waƙa, na zubar da na tulunsu da ke bakin ƙofa na cika da nawa. Sau uku a daminar nan. Suka sha. Na so in faɗa musu a yi dariya, wata tsokanar ta ɗauke mini hankali, na manta.

Kurkunu ba ya gaggawa. Sai ya shekara a jikin mutum.

Da damina ta zagayo, idon sawuna ya fara ƙaiƙayi, ya yi bororo, yana ƙuna kamar an ɗora garwashi. Ya fashe, kan tsutsar ya leƙo, fari kamar zare.

Babana ya ce a kira wanzami ya yi sakiya da ƙarfe mai zafi. Malam Ayuba ya durƙusa ya ce, "Malam, a ba ni shi tukuna."

Kullum da safe ya wanke wurin, ya naɗe tsutsar a tsinken ashana, kaɗan kawai, ya ɗaure da bandeji. Ya ce, "Kada ka ja. In ta tsinke a ciki, ƙafar ce."

Kwana goma sha ɗaya na daure. Na sha biyu na ja. Ta tsinke.

Ƙafa ta kumbura kamar turmi. Zazzaɓi, mugunya, wari. A kan jaki aka kai ni asibiti, Baba ya sayar da akuya. Likitan da ke zuwa zagaye ya latsa ya ce in kumburin ya haye gwiwa, sai Kano, a yanke. Malam Ayuba ya ja layi da tawada a ƙasan gwiwata. Kowace safiya allura, sannan mu duba layin tare. Ban taɓa jin tsoron wani abu kamar layin nan ba.

A makon ne na ji Rifkatu ma ta kwanta. Nata a cikin gwiwa ya fito.

Wata safiya yana matse mini mugunya, ya ce, "Ban gane ba, Sa'idu. Ita da ba ta shan ruwan kowa." Ya ci gaba da matsewa. "Bara itace ya yi wuya. Da ya fara tafasa nake saukewa. Ni ne ban dafa sosai ba."

Na buɗe baki. Na dubi hannunsa a kan ƙafata. Na ce a raina in na faɗa, wa zai zo gobe?

Na bar shi ya gama ɗaure ƙafar.

Kumburin ya tsaya yatsa biyu kafin layin. Bayan wata biyu na taka da sanda.

Gwiwar Rifkatu ta sandare, ba ta ƙara lanƙwasawa ba. Jarrabawarta ta ungozoma ta wuce tana kwance. Malam Ayuba ya bar nasa karatun, saura wata huɗu, don ya mai da ita gida. Ni na ɗaukar musu akwati zuwa tashar jirgin ƙasa ta Gagarawa. Ta miƙo mini farin ƙyallen ta taga, ta ce, "Ɗan Malam, ka riƙa tacewa. Ka ga dai ba wasa nake ba."

Ban ƙara ganinsu ba.

Na gode wa Allah da ya bar mini ƙafata. Na gode wa hannun da ya wanke ta kwana sittin bai taɓa toshe hanci ba.

An ce yanzu kurkunu ya ƙare. Duk da haka ku tace ruwa, ku dafa. In mai magani ya ce kada ku taɓa, kada ku taɓa. In kuka ga baƙo da wata al'ada tasa, ku yi dariyarku da baki, ku bar masa tulunsa.

Kuma ku taya ni yaɗa wannan. In akwai ɗa ko jikan Ayuba da Rifkatu, wadda ke jan ƙafar hagu, ku gaya masa Malam Ayuba ya dafa ruwan nan sosai.

Ba itace ba ne. Ni ne.