Magudanar Datti Na-Kurmi

Datti mutumin Masanawa ne, ta ƙasar Kabo. Kakanninsa makiyaya ne, amma tun zamanin ubansa shanun suka ƙare, gidan ya koma riƙon fartanya. Yana saurayi ya bi fatake kora shanu zuwa Kurmi da niyyar yin wata uku, sai ya share shekara tara yana ƙwadago a gonakin doya da goro. Ya dawo lokacin da gyaɗa ke tashe, kowa na cika buhuna ana kaiwa Kano. Tsarabarsa laima ɗaya ce, da takalmin roba mai kaiwa gwiwa, da shawarwarin noma waɗanda ba wanda ya roƙe shi. Nan take aka laƙaba masa Na-Kurmi.

Mutum ne mai son jama'a da zuciya ɗaya. Matsalarsa kawai, duk abin da ya sani ya koyo shi ne a ƙasar da ruwa kan kwana uku yana zuba. Ranar kasuwar Gwarzo sai ya zauna kusa da masu awon gyaɗa ya yi ta bayanin watan shuka da watan da ya kamata a sauya wa dabbobi makwanci. Yana da bijiman huɗa biyu. Kowace damina sai ya turara su da hayaƙin ɗanyen ganye wai yana korar ƙudan tsando, wanda rabon Masanawa da ganinsa ko tsofaffi ba sa tunawa. Haka bijiman za su wuni suna tari kamar tsofaffin mashaya taba.

Wata bazara ya tashi da babban aiki. Ya ce abin da ke cutar gyaɗa shi ne kwanciyar ruwa, don haka zai haƙa magudana ta ratsa gonarsa daga tudu zuwa gangare. Kwana goma sha biyu yana haƙa cikin zafin rana, sanye da takalmin robar nan. Matarsa Asiya ta kawo masa fura, ta tsaya tana kallon ramin.

"Malam, ruwan da ake roƙon Allah ya kawo, shi kake yi wa hanyar fita?"

"Ke ba ki ga ruwa ba, Asiya," in ji shi. "Ni na ga ruwa."

Daminar ta zo da rowa. Sai a yi kwana goma ba a samu ko yayyafi ba. In an samu kuwa, ruwan ba ya ɓata lokaci a gonar Datti, sai ya bi magudana salin alin ya faɗa gonar da ke ƙasa da ita, ta Ya'u, ɗan baffansa. Ya'u mutum ne mai ƙarancin magana, a wannan shekarar kuma maganarsa ta ƙara raguwa. Duk sanda yashi ya toshe magudanar, da sassafe za a gan shi da shebur ya zo taya ɗan'uwansa yashewa. Datti ya ji daɗin haka ƙwarai. Ya riƙa faɗa a kasuwa cewa duk Masanawa Ya'u kaɗai ne ya gane ilimin zamani.

Da kaka ta yi, aka cire gyaɗa. Ta Datti ta fito 'yan ƙanana, rabi duk ɓawo ne babu 'ya'ya. Ya'u kuwa sai da ya aro jakuna daga Unguwar Tudu kafin ya kwashe tasa. Abin ya tsaya masa a rai, don ba macuci ba ne. Ya ɗora buhu biyu a jaki ya kai ƙofar gidan Datti, suka gaisa har gaisuwa ta ƙare, sannan ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya, cewa duk ruwan gonar Datti gyaɗarsa ce ta shanye.

Datti ya tsura wa buhunan ido. Asiya tana bayan zana tana jiran ta ji an yi nadama. Can sai ya buga cinya, fuskarsa ta washe.

"To ai ka ga aikin magudana ke nan. Kuskuren ɗaya ne. A gonar da ke saman taka ake haƙa ta."

Washegari ya tafi wurin Zailani, mai gonar da ke saman tasa, ya wuni yana lallashinsa ya haƙa magudana don amfanin kansa. Zailani ya saurare shi da ladabi, ya ba shi goro, ya ce zai yi shawara. Shekara huɗu yana shawarar nan. Asiya dai ba ta jira ba, ta tara ƙannenta suka cike ramin ranar da Datti ya tafi Gwarzo.

Abu ɗaya ne daga Kurmi ya karɓe shi. Ya iya gyaran kofaton dabbar da laka ta ruɓar, ya wanke, ya yanke, ya ɗaure da magani, cikin mako ta miƙe. Daga Kabo har Gwarzo ake kawo masa shanu da tumaki cikin marka, ba ya karɓar ko kwabo. Sai dai mai dabba ya zo da shirin zama, don Datti ba ya taɓa kofato sai ya gama bayanin yadda ake shuka doya.