Ranar da aka zuƙo 'yata

Aikina a shekarun nan shi ne korar iska. Haka nake gaya wa Umma duk lokacin da ta tambaye ni abin da nake yi wa gwamnati, ita kuma sai ta ce, "Allah ya kyauta. Mutane na neman iska su sha, ke kina korarta." Lokacin sojoji sun koma bariki, man fetur ya yi daraja, duk inda ka waiga a Abuja gini ne ke tashi. Hukumar da nake wa aiki ma ta samu rabonta. Aka sayo mana sababbin injina aka zuba a ɗakin gwaji, aka ce mu riƙa duba gejin awon matsin iska na masana'antu da asibitoci, mu ga ko suna faɗin gaskiya. Da yawansu ba sa faɗa.

Babban abin da ke ɗakin wata tukunyar ƙarfe ce mai kauri. A rufe ta, a kunna famfo, ya yi ta zuƙe iskar ciki har allurar geji ta kwanta. Abin da ya rage a ciki shi ake kira bakyum, ni kuwa fanko nake ce masa. A littafi akwai cikakken fanko, wurin da babu ko ƙwayar iska ɗaya. A ɗakin gwaji babu shi. Ka wuni kana zuƙa, ƙarfen da kansa zai riƙa sakin ɗan abin da ya ɓoye, in kuwa ka taɓa cikin tukunyar da hannu, maiƙon yatsanka kaɗai ya ishe ka aiki. Ni kuma ga naci. Da allura ta motsa zan bi kowace mahaɗa ina neman inda ke yoyo, ina ta masifa ni kaɗai.

Oganmu, wani dattijo mutumin Filato, yana da al'ada. Duk lokacin da aka kawo sababbin ma'aikata sai ya sa a sayo duro a kasuwar Dei-Dei, a kai shi bayan gini, a jona masa famfo. Ina da tsohon ciki aka yi na wannan shekarar, cikina na fari. Muka tsaya daga nesa. Famfo na ta gurnani, duro na tsaye abinsa, har yaran suka fara murmushi. Sai ji muka yi bam! Ƙarfen ya lotse ya naɗe kamar gwangwanin madarar da mota ta taka. Abin da ke cikina ya yi wata irin zabura.

"Kun gani?" in ji oga. "Ba abin da ya ja shi daga ciki fa. Wannan iskan da yake kanku yanzu, shi ya murƙushe shi."

Na yi dariya tare da kowa, amma hannuna na kan cikina har muka koma ofis.

Naƙuda ta zo mini da safe, ana yayyafi. Umma ta riga ta iso daga Zariya don wankan jego. Maigidana ya kwashe mu daga gidanmu na Kado zuwa wani ƙaramin asibiti, aka tsayar da su a baranda, aka shige da ni. Bayan azahar na riga na ƙare. In yi nishi, in yi nishi, babu abin da ke yin gaba. Likitar, wata mace mai gilashi wadda ba ta da yawan magana, ta ɗora mini abin jin bugun zuciya a ciki. Da safe sautin na sauri ne, gwanin daɗi. Yanzu yana ja da baya, yana jinkiri kafin ya dawo.

"Madam, bebi ta gaji, ke ma kin gaji," in ji ta. "Kai ya sauko sosai. Kafin a shirya tiyata za mu ɓata lokaci. Bakyum za mu sa mu taimaka mata."

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu, to ni ranar da ma a duhun nake. Wata matar da ta ji kalmar sai ta yi bisimilla ta miƙa wuya. Ni duron nan kawai nake gani.

Na ce, "A'a. Likita, don Allah a'a."

Nas ta turo injin a kan tayoyi. Ga tiyo, ga geji, ga wani ɗan kofin ƙarfe mai sarƙa, faɗinsa bai wuce murfin kwalbar man shafawa ba. Shi za a manna a kan 'yata, a zuƙe iskar da ke tsakani, a ja. Kaina ya yi lissafin ba tare da na sa shi ba. Ƙarfin da zai riƙe kofin nan ya kai nauyin bokiti cike da ruwa, a kan ƙoƙon kan da bai gama haɗewa ba, kusa da maɗiga.

"Har ina za ku kai allurar gejin?" na tambaya.

Likita ta dube ni ta saman gilashi. "Ke injiniya ce?"

"Geji nake aunawa. Wa ya duba wannan? Yaushe?"

Na ce a juyo mini da fuskarsa in gani. Injin a kashe yake, amma allurar ba ta kan sifili, ta ɗan ɗaga. Na ce wa nas ta ƙwanƙwasa gilashin da farce. Ta ƙwanƙwasa, allurar ta faɗa wurinta. Na san irin wannan allurar, tana maƙalewa. Tana iya nuna maka kaɗan alhali abin ya yi nisa. Da a ofis ne, da na ajiye gejin a gefe na ce a mayar wa masu shi.

"Madam," in ji likita, muryarta ba ta tashi ba, "ba geji kaɗai nake bi ba, hannuna ma yana ji. Saurari wannan."

Ta sake ɗora abin a cikina. Bugu, shiru, bugu. Tsakanin kowane biyu sai na ji kamar na ƙarshen ke nan. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma ba na fatan in sake. In na ƙi, ga abin da nake ji da kunnena. In na yarda, ga abin da na gani da idona. Na ce, "Ku yi," na kama salati.

Aka kunna injin. Ƙararsa irin ta famfonmu ce sak. Na kafe allurar da ido tana hawa a hankali, tana tsayawa, tana tsalle. Ciwo ya taso, likita ta ce in yi nishi, na ji ana ja daga can cikin ƙashina. Sai wata ƙara, fau! Likita ta ɗan yi baya, na ga jini a safar hannunta.

Na kurma ihu. Na ce sun fasa mata kai. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Turanci, har Umma ta jiyo daga baranda ta fara buga ƙofa.

"Kofin ne ya saki," in ji likita. "Tana da gashi, iska ta shiga ta gefe. Haka yake yi, in abin ya fi ƙarfinsa sai ya saki. Kanta lafiya. Amma ba zan yi ta maimaitawa ba, ki ba ni duk abin da ya rage miki."

Ni da na yi shekaru ina zagin yoyo, sai ga ni ina hamdala da iska ta samu hanya. Na sake juyawa wajen gejin, amma nas, wata ƙatuwar mata mai ƙaramin gicciye a wuya, ta zo ta tsaya a gabansa ta rufe shi da jikinta.

"Madam, ka bar kallon wannan agogo," in ji ta. "Likita yana aikinshi. Kai ma yi naka."

Na so in yi mata rashin kunya, ciwo bai bar ni ba. Na damƙi hannunta, na rufe ido, na yi nishin da na ji kamar raina zai bi. Aka ja, aka sake ja. Sai na ji an zare mini wani nauyi gaba ɗaya.

Jaririyar ba ta yi kuka ba. Na ga an wuce da ita zuwa tebur, jikinta toka-toka, hannuwa a sake. Suka rage ƙarfin injin, suka jona siririn tiyo, suka zuƙe mata hanci da baki, nas na murza bayanta da tawul. Ina tambaya, babu mai kula ni. Can sai wani ɗan sauti kamar na kyanwa, sannan kuka, siriri, amma kuka.

Da aka ɗora mini ita, abin da na fara gani shi ne kan. Wani kumburi zagaye, ja, daidai faɗin kofin, ya tashi a gefen tsakiyar kai. Na taɓa shi da ɗan yatsa, laushi tuɓus.

"Fata ce kawai, zai saɓe," in ji likita.

"Cikin fa?"

"Za mu sa ido. In ta kama nono da ƙarfi, hankalina ya kwanta. In ta ƙi, ko ta yi laƙwas, sai mu kai ta hoto."

Aka bar Umma ta shigo. Ta dubi kan, ta dube ni, ta haɗiye abin da ke bakinta. Sai cewa ta yi, "Ruwan zafi zai gyara wannan." Likita ta ce kada a kuskura a gasa wurin. Umma, wadda ba a taɓa hana ta gashin jariri ta yi shiru ba, ta ce to. A nan na gane ita ma a tsorace take.

Na kai jaririyar ƙirjina. Ta kawar da kai. Na sake, bakin ya buɗe ya rufe, babu ƙarfi, idanu a lumshe. Na kasa riƙe ta daidai. Na ce, "Umma, ba ta kamawa. Umma, kin gani, ba ta kamawa."

"Ke, natsu," in ji Umma. "Ita ma daga yaƙi ta fito."

Ta zauna a bakin gado, ta tallafi ƙeyar jaririyar da tafin hannunta, nesa da kumburin. Ta matso ɗigo ɗaya na nonona ta shafa mata a leɓe. Muka jira. Ɗan harshen ya fito ya lasa. Goshin ya tattare, kan ya fara juyawa yana nema, sai ta wage baki ta cafke. Ta ja har sai da na ji zafin a gadon bayana, na ce wash, hawaye na zuba a kan gashinta. Na sa yatsa in ɗan gyara mata, ta ƙi saki.

Umma ta share fuskarta da bakin mayafi, ta miƙe. "Bari in kira ubanta," in ji ta, "ya zo ya yi mata huɗuba."