Zumar da Inna ta ƙi saya a Madina

"Hajiya, lasa ki ji, zumar dutse ce!"

A Madina ke nan, mun je Umara ni da Innata, muka shiga wani shagon zuma. Mai shagon yana zuba Hausa kamar a Gwandu aka binne cibiyarsa. Na lasa, daɗi kamar ya tsinke kunne. Har na kai hannu aljihu, Innata ta riƙe ni. Ita kam ta tsufa tana sayar da zuma a kasuwar Kalgo.

Ta nuna wata kwalbar daban da ya ƙulle mana a leda. "Buɗe wagga mu lasa."

"Haba Hajiya, duk ɗaya ce! A garin Manzo zan cuce ki?"

"In ɗaya ce, ba mu wadda muka lasa."

Nan take Hausarsa ta ƙare, ya koma Larabci.

Alhazai, ku faɗi gaskiya, wa ya taɓa ɗauko ruwan sukari har gida?