Farin Madanni na Ƙarshe

Ranar wata Asabar a Disambar 2003, Baba ya kira mu ɗakin ƙasa na gidanmu a Wheaton ta Amurka, ko rigar aikin asibiti bai cire ba. Ni da yayana Bitrus muka sauko da sauran kumfar wanke-wanke a hannu, muka same shi tsaye kan kibod ɗinsa. Kayan kiɗan ya rikice, duk madannin da ka taɓa sai ya fito da wata murya a karkace. Ga shi washegari da shi za a yi sujada a ƙaramar majami'armu ta 'yan Arewa, ba kuma wani.

Mun san kibod ɗin nan ciki da waje, har abin da kamfani bai so a sani ba. Baba ne ya nuna mana cewa in ka danne wasu maɓallai kafin ka kunna, sai ya buɗe wata ƙofa. Wani haɗin yakan sa fitilu duka su kama lokaci guda, wani ya fito da lambobi, wani kuma ya sa shi duba kansa yana ƙara har Mama ta leƙo daga kicin. Bitrus ya mai da abin sana'a, har da haɓa yake dannawa in yatsu sun ƙare masa. Doka ɗaya ce Baba ya kafa: "Ku taɓa komai, ban da farin madanni na ƙarshe." In ka riƙe shi ka kunna, kibod ya koma sabo fil, ya manta duk abin da aka ajiye a cikinsa.

Abin da ke ciki kuwa waƙar Kaka ce, mahaifiyar Baba. Da ta zo mana daga Filato, takan zauna da faifai tana tsince acca tana rera ta. Baba ya yi ta binta da yatsu har ya kama karin, ya adana. Ta koma gida, ba ta sake shekara ba ta rasu.

Yanzu gyara ɗaya ya rage, shi ne wannan madannin. Baba ya kunna waƙar, ta fito a shaƙe amma ana gane ta. Ya ce, "Ku zauna. Yau ba Turanci." Mu da kullum ake mana Hausa muna amsawa da Turanci, muka wuni muna bin bakinsa, muna koyon waƙar. Bitrus ya yi ta ɓaro kalmomi, Baba na dariya yana share ido. Sai da muka rera ta mu kaɗai, kibod a kashe, sannan ya ce, "Rifkatu, sa yatsanki." Na danne, shi ya kunna. Fitilu suka yi walƙiya, muryar ta dawo daidai, gurbin waƙar ya zama fayau. Ban taɓa jin tausayin Baba kamar ranar ba.

Yau Baba ya tsufa, yatsunsa sun ƙi lanƙwasuwa, kibod ɗin yana jingine a gidana a Beltsville. Wayata cike take da waƙoƙi, ba wadda zan iya kaiwa ƙarshe da ka. Amma jiya ina dafa acca na ji 'yata tana rera waƙar Kaka, da kuskuren Bitrus a cikinta. Ban gyara mata ba.